An Sace Tashar Barmu

Ranar Lahadi da hantsi, Insifekta Nafi'u yana zaune a ofishinsa a kwamisariyar 'yan sandan Tawa yana hura shayi, sai wani dattijo ya faɗo ba sallama. Dogo ne siriri, da hular kaki mai baki a kansa, rigarsa a karkace.

"Shef, an sace tasha!"

Insifekta ya ajiye kofi. "Sannu Baba. Zauna tukuna. Wace tasha?"

"Tashar jirgin ƙasa ta Barmu."

Nafi'u bai daɗe a Adar ba, daga Damagaram aka turo shi. Amma ya taɓa zuwa Barmu. Ya ga kasuwa, ya ga rijiyoyi da jakai, bai ga ko guntun layin dogo ba.

"Baba, ai Barmu babu tashar jirgi."

"To ba shi nike hwaɗa maka ba? Babu ta. An ɗauke."

Issouf, tsohon ɗan sandan da ke tuƙa masa mota, yana tsaye a bakin ƙofa ya toshe baki, tumbinsa na rawa.

"Shef, wanga Tijjani Mai Jirgi ne. Jirgin nashi cikin ɗaki yake, bisa tebur."

Insifekta ya sake ɗaukar shayinsa. Yana da ɓarayin babura a kulle, ga rigimar makiyaya tana jiransa, yanzu kuma kayan wasa.

"Wa kake zargi, Baba?"

"Ba zargi nike ba, na sani. Matata ce, Raƙiya. Ta daɗe tana son ɗakin."

"Ka faɗa mata haka?"

"Gaban matan unguwa. Na ce mata ɓarauniya."

Dariyar Issouf ta ɗauke.

"Sai ta ce me?"

"Ta ɗaure kaya. Ta ce motar Bambeye na cika tana ciki, kuma ba ta ƙara shan ruwan gidana." Tijjani ya faɗi haka da ƙarfi kamar bai damu ba. "Ta tahi ɗin. Ni tashata nike nema."

Issouf ya sunkuyo kusa da kunnen maigidansa. "Shef, auren ga ya girme ka."

Nafi'u ya dubi tsohon, ya dubi shayin. Ya miƙe ya ɗauki hula.

Ɗakin jirgin shi ne mafi girma a gidan. Tijjani ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya tsaya har 'yan sandan suka tuɓe nasu.

Tebur ya cika ɗakin daga bango zuwa bango. 'Yar hanyar da aka bari a gefe, sai da Issouf ya shanye ciki sannan ya wuce.

A kan teburin an zuba jar ƙasar Adar ta gaske. An yi tuddai da laka da takardar siminti, an manna musu baƙar tsakuwa. Itatuwan gawo da busasshiyar saiwa aka yi su, ciyawar kuwa garin katako ce da aka rina kore. Ga rumbuna kamar ƙwan zabo, ga raƙuma na yumɓu, ga shaton ruwa, wato tankin ruwan gari, da aka yi da gwangwanin madara. Dogo ya taso daga Tawa, ya ratsa Affala, ya shige wani rami cikin tudu, ya ɓullo a gonakin Barmu.

Tijjani a Abijan ya yi ƙuruciyarsa, yana tallan agogo a cikin jirgin ƙasa. Abokan tafiyarsa sun dawo gida da rediyo da kwanon rufi. Shi ya dawo da kan jirgi kamar sabulu da taragunsa, da ya saya a kasuwar gwanjo. Dogon da ya zo da shi bai kai ko'ina ba, sai Attaher maƙeri ya riƙa buga masa ƙari, kaɗan kaɗan, har gemunsu ya yi fari.

"Yana tafiya kuwa?" in ji Insifekta.

Tijjani ya harare shi, ya jona waya da batirin babur. Jirgin ya girgiza, ya ja taragu, ya bi ta gefen kasuwa. Da ya shiga ramin sai ya yi jinkiri, kamar zai tsaya, sannan ya fito. Nafi'u ya durƙusa har haɓarsa ta taɓa tebur.

"Sake," ya ce. Sai ya tuna da kakinsa, ya yi tari. "A'a, bari. Nuna mini inda tashar take."

Tijjani ya nuna wani fili kamar tafin hannu biyu a gefen dogo.

"Nan. Girmanta awa kwalin sukari. Rufinta gwangwanin sardin. Na yi mata benci, na yi mata randa. Har agogo na sa mata na gaske, mai batir, duk awa ta cika sai ya yi kuka."

"Yaushe rabonka da ita?"

"Tun kahin in tahi ta'aziyya Affala. Na yi 'yan kwanaki can, yau da sahe na dawo."

Ɓarawon bai karya komai ba. Ko raƙumi ɗaya bai ture ba. A filin, wasu tsirrai kore shar sun fito, har sun fi hasumiyar masallacin Barmu tsawo.

Issouf ya sa yatsa ya taɓa ɗaya, ya shinshina ƙasar.

"Shef, wagga ba ciyawar katako ba ce. Gero ne. Duba, layi layi, rami rami. Har taki anka murza anka zuba."

Insifekta ya miƙe a hankali. "Wato mutum ya yi sata, ya share wuri, ya yi shuka, ya ba ta ruwa."

"Raƙiya ce," in ji Tijjani. "Don ta ƙona mini rai."

Nafi'u ya zagaya wajen tudun. Ya zura hannu cikin ramin jirgin har gwiwar hannu, ya zaro wani abu, ya sa a aljihu.

Raƙiya tana zaune a tsakar gida a kan ƙullin kayanta, ta yafa mayafi, takalmi a ƙafa. Gajeriya ce mai jiki, idonta ya yi ja amma babu hawaye.

"Ina kwana, Inna."

"Lahiya lau, ɗana. In kama ni kunka zo yi, ku yi hamzari. Mota ba ta jira."

"Tambaya ce kawai. Kina shiga ɗakin can?"

"Ƙahwata ba ta taɓa taka shi ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ina ruwana da shi?"

Insifekta ya zaro ƙullin leda daga aljihu. Kafin ya kwance, warin daddawa ya cika tsakar gidan.

"A cikin ramin jirgi na sami wannan. Shi ne ke tare masa hanya."

Raƙiya ta dubi ƙullin, ta dubi ƙofar ɗakin don ta tabbatar maigidan bai ji ba. Ta miƙa hannu ta karɓe abinta.

"Nan kaɗai ne ɓera bai zuwa cikin gidan ga. Ya toshe kowace kahwa saboda jirginai. Ina zan aje daddawa?"

"To da ya tafi Affala kin buɗe ɗakin."

"Na buɗe. Ranan ana suna a maƙwabta, anka kira ni wajen tuwo, na manta ban ja ƙyaure ba. Har la'asar."

"Wa ya shigo?"

"Gidan ga kowa shiga yake. Amma da na leƙo ɗaukar muciya, na ga Sabo dillali shina hitowa, da waya a hannu."

"Inna, ke kika ɗauki tashar?"

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Da ni ce, ba tasha zan ɗauka ba. Teburin duka zan sa a murhu."

"Shukar gero fa?"

"Ni ɗiyar mahauta ce. Ka ba ni rago in gyara maka. Shuka ban iya ba."

Nafi'u ya durƙusa gabanta. "Ki ba ni zuwa la'asar."

"Ban ba ka. Na haƙura da ɗaki. Na haƙura da ƙarar wanga abu tun ina goyo. Baƙi su zo, in shimhiɗa musu a zaure, raƙuman laka na kwance a inuwa. Duk na haƙura. Amma ɓarauniya, gaban matan da na yi ma wankan jego? A'a, ɗana."

Sabo dillali yana zaune a bencinsa ƙarƙashin dogon yaro, da babbar riga sha ƙamshi da wayoyi biyu. Insifekta ya bar mota nesa, ya zauna kusa da shi kamar mai shan iska.

"Alhaji Sabo, fili nake nema. Aikin nan ba ya dawwama."

Sabo ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Shef, ka zo a sa'a. Bar batun Tawa. Barmu."

"Barmu kuma? Me ke can?"

"Yau babu komi. Gobe kuwa..." Ya latsa waya ya miƙa.

An ɗauki hoton dab da ƙasa. Ga dogo, ga tasha da rufinta na ƙyalli, ga gawo a bayanta. Wanda bai taɓa shiga ɗakin Tijjani ba zai rantse wani gari ne.

"Tsarin gwamnati ne," in ji Sabo. "Daga Yamai anka aiko shi a ɓoye, anka ba wani tsoho ajiya don kar 'yan siyasa su sani. Duk inda ka gani nan, nan jirgi za ya bi."

"Wa ya ba ka hoton?"

"Wani babba. Ba a hwaɗin suna."

"Kai ba ka taɓa ganin abin da idonka ba?"

"Ni? Ina ni ina shiga wurin?"

Nafi'u ya ƙara girman hoton. A gefe guda, wani ƙaton yatsa ya rufe rabin sama, da zoben azurfa mai jan dutse.

"Babban nan, maƙerinku ɗaya da shi ke nan."

Sabo ya dubi hannunsa. A hankali ya tura shi cikin riga.

"Ranar suna ka shiga ɗakin," in ji Insifekta. "Yau an nemi tashar an rasa. Ina ka kai ta?"

"An rasa?" Sabo ya zabura har hularsa ta zame. "Wane marar imani ne? Shef, wallahi hoto kaɗai na ɗauka. Mi zan yi da sace ta? In babu tasha, mi zan nuna ma mutane?"

"Su wa ka faɗa wa wannan labarin?"

"Mutanen Barmu da ka zuwa cin kasuwa. Tun bara nike hwaɗi, ba su yarda ba, shi ya sa na nemi hoto."

"Babu wanda ya yarda?"

"Samari dariya su kai. Tsohwahhi ne ka yin shiru."

Insifekta ya sa wayar a aljihu. "Ka zo kwamisariya gobe ka karɓa. Ka taho da bayanin yadda gwamnati take aikin jirgi da gwangwanin sardin."

Da suka koma gidan, tsakar gida babu kowa. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce mai amalanke ya ɗauki kayan tun ɗazu, Raƙiya na biye da shi, ko waiwaye ba ta yi ba.

Tijjani yana zaune a ɗakin jirgi. Batirin na gefensa, bai jona ba.

"Ta ɗauki har tukunyar shayi," ya ce, ba tare da ya ɗago ba.

Nafi'u ya riƙe wayar Sabo a kan filin da aka shuka. Ya dubi hoto, ya dubi tebur. Ya sake duban hoto.

Tsakanin gona da gona, Tijjani ya kafa 'yan guntayen tsintsiya a jere, a madadin ciyawar gamba da ake shata iyaka da ita. A cikin hoton, jeren ya bi ta gaban itacen gawo, gawon yana cikin gonar maƙwabci. A kan tebur kuwa, jeren ya lanƙwasa ya zagaya bayan gawon.

"Baba, kai ka matsar da tsintsiyar nan?"

Tijjani ya sa tabarau ya sunkuya. Nan take ya miƙe.

"Iyaka ce! An ci iyaka!"

"Gonakin nan na mutane ne na gaske?"

"Kowace da mai ita. Da ƙahwata na zagaya su."

"Wadda ta ragu ta wa ce?"

"Ta Hasan mai jakai."

"Wadda ta ƙaru fa?"

Tijjani ya cire tabarau. Ya koma ya zauna.

"Ciɗo."

"Wane ne Ciɗo?"

"Taubashina. Ɗan ƙanwar ubana. Da gangan na aza tashar bisa gonarshi, don in riƙa ce mai bawana ne, shi da gonar duk nawa ne. Kullum ya zo sai ya zage ni, mu yi dariya."

"Zuwansa na ƙarshe ya yi dariya?"

Tsohon ya yi tunani. "Bai yi ba. Ya tsaya ya daɗe shina kallon gwangwanin madarar can. Ya ce mini, wai shaton ruwan ga, ni na riga yin nawa ko gwamnati ta riga yin nata."

"Ka ce masa me?"

"Gaskiya. Ni na riga."

Issouf ya dafe kai. "Yau Lahadi, kasuwar Tawa ka ci, Shef. In dai shina da rai, shina kasuwa."

A ɓangaren awaki suka same shi, yana riƙe da igiyar wani bunsuru. Ƙaramin tsoho ne baƙi, da ƙatuwar malfa da aka ɗaure da igiya a ƙarƙashin haɓa. Da ya ga kaki bai rusuna ba. Ya lanƙwasa gwiwoyi kawai, kansa a miƙe kamar mace mai ɗauke da tulu.

"Sannu Baba Ciɗo. Ya kasuwa?"

"Da godiya, Shef."

"Yaushe rabonka da Tawa?"

"Tun watan jiya. Yau ma bunsurun ga ya kawo ni."

"Ba ka leƙa gidan taubashinka ba?"

"Wancan mahaukacin? Mi zan yi can?" Ya ga Tijjani a bayan Issouf, ya juyo da jikinsa duka. "A'a, bawana, kai ma kana nan?"

"Me ya sami wuyanka?" in ji Insifekta.

"Sanyi ya kama shi."

Rana tana tsakar ka, har kwalta na narkewa. Gumi na zubowa daga ƙarƙashin malfar.

Nafi'u ya saci kallon agogonsa. Sai ya shiga tambayar daminar bara, da ciwon dabbobi, da ko bunsurun yana cin dusa. Ya buɗe bakin bunsurun ya duba haƙora. Tijjani na ta taka ƙasa yana kallon hanyar tasha. Insifekta ya sake duban agogo, ya ɗaga yatsa.

Ƙit-ƙit. Ƙit-ƙit.

Bunsurun ya ɗaga kai.

"Wayarka ce, Baba?"

"Ba ni da waya."

"To kanka ne ke kuka."

Ciɗo ya rufe ido. Ya saki igiyar bunsurun, ya kwance ta haɓa, ya ɗaga malfar da hannu biyu. Tashar Barmu na zaune a tsakiyar kansa a kan gammo, da rufinta da bencinta da randarta.

"Ku karɓa," ya ce. "Don Allah wani shi karɓa. Ta hana ni ruku'u."

Tijjani ya karɓe ta kamar jariri, yana hure mata gashi.

"Me ya sa, Baba?" in ji Insifekta.

"Shef, ni ba jahili ba ne, ido gare ni. Ya yi shato bisa tebur, shato ya hito a gari. Ya shahwa baƙin fenti bisa hanya, anka zo anka zuba kwalta. Sai ga Sabo shina cewa abin na gwamnati ne. Gonar ga ubana ya sare ta. Ita ka ci da mu. In bari a aza mata tasha?"

"Kai wawa," in ji Tijjani. "A rediyo nike jin an aza harsashi, in yi nawa. Na riga su ne don ni gwangwani guda nike buƙata."

"Haka ka ce."

"To da ka ɗauke ta," in ji Nafi'u, "me ya hana ka ɓoye ta a gida?"

"In aje ta gida a zo a rushe gida? Na sa ta rumbu, na tuna hatsi, na hiddo. Na kai ta gonar Hasan na aje, har na juya, sai tausai ya kama ni, ɗiya gare shi rututu. Na tahi in jehwa ta rijiya, na ce to mi gari za ya sha? Duk inda na duba, na wani ne. Na ce bari in riƙe ta bisa kai, in ta yawo, in ga inda za su gina ta."

Issouf ya juya baya, kafaɗunsa na tsalle. Masu awaki sun fara taruwa.

"Shukar fa?"

"Don in sun zo dubawa su tarad da gona, ba hili ba."

"Iyakar kuma?"

Ciɗo ya dubi ƙasa. "Hannuna ne ya zame."

"Ya zame har ya zagaye gawo?" in ji Issouf.

"Gawon ga tun asali namu ne."

"Za ka yi wannan bayanin daga baya," in ji Insifekta. "Ka san an ɗora wa Inna Raƙiya satar nan? Tana tashar mota yanzu, za ta bar gidan."

Ciɗo ya dubi Tijjani, bakinsa a buɗe. "Raƙiya? Kai ka ce mata ɓarauniya? Matar da ta yi jinyar uwarka? Lalle kai ne ya kamata a kama."

Suka bar bunsurun a hannun wani dillali, suka shiga mota.

Motar Bambeye ta riga ta cika, an ɗaure kaya a sama, direba ya ta da inji. Issouf ya sauka ya tsaya gabanta.

"Takardu," ya ce. Ya karɓa ya shiga karantawa a hankali, da yatsa, kamar mai koyon baƙi.

Raƙiya tana gefen taga, ta kafa ido a gaba. Insifekta ya kawo Ciɗo dab da ita.

"Raƙiya," in ji Ciɗo a hankali, "ni na ɗauka."

"Ban ji ba. Inji na ƙara."

Direba ya kashe inji.

"Ni na ɗauki tashar! Ni Ciɗo! Ke ba ruwanki!"

Duk fasinjoji suka juyo. Mai tallan ƙosai ta sauke tire don ta ji da kyau.

Tijjani ya matso, tashar a hammatarsa. "To kin ji. Sauko mu tahi gida."

Wata tsohuwa daga kujerar baya ta leƙo. "Haka a ka cewa a garinku?"

"Shi ke nan abin da ka taho da shi, Baba?" in ji wani saurayi mai buhun albasa a cinya.

Tijjani ya dubi Insifekta, Insifekta ya dubi sama. Tsohon ya miƙa wa Nafi'u tashar. Ya cire hular kakin, ya riƙe ta a ƙirji. Kansa ya yi ƙyalli a rana.

"Raƙiya, na yi miki ƙazahi gaban mutane. Ga ni gaban mutane. Ki yahe mini."

Ta sa gefen mayafi ta goge ido.

"Na yahe, Malam."

"To sauko."

"Ban sauka."

"Ba kin yahe ba?"

"Wancan daban." Ta juyo ta dube shi sosai. "Tun ina da ƙarhina kake shimhiɗa hanyar ga. Ka kai ta Affala. Ka kai ta Barmu. Ka yi ma jakan Hasan wurin kwana. Garin da ka je ka ɗauko ni, ko ɗan yatsa na dogo ba ka juya wajenshi ba. Kullum na shiga sai na duba."

Tijjani ya sunkuyar da kai. Bai taɓa sanin tana dubawa ba.

"Ai tebur ne ya ƙare ta nan wajen," ya ce. "Bambeye bayan bango take."

"To ka huda bango."

"In huda..."

"Ran da jirgi ya iso Bambeye, ka zo biko. Ina gidan yayana, ka san hanya. Direba, mu tahi."

Issouf ya miƙa takardun. Motar ta ja, fasinjoji na tafa hannu, tsohuwar baya na guɗa ta taga.

Tijjani ya tsaya a ƙurar motar, yana auna iska da tafin hannu, ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi.

Insifekta ya mayar masa da tasharsa. "Baba, za ka janye ƙara? Ɗan'uwanka ne."

"A'a. A tahi da shi."

"Mu tahi, Shef," in ji Ciɗo, yana murza wuya. "Ko ina ne, in dai zan kwanta da kaina a ƙasa."

Issouf ya buɗe masa bayan mota, ya shiga da malfarsa a cinya. Har an rufe ƙofa, Tijjani ya sheƙo ya dafa taga.

"Shef, kar ku daɗe da shi. Gobe da sahe ina son shi da diga. Shi za ya huda bangon."

Ciɗo ya leƙo. "Wane bango?"

"Na gidana."

"Na gaske, ko na bisa tebur?"

Issouf ya ja mota.